Darasi: Shan Mai da Gyaran Injin Babur

Duk bakaniken babur da ke da rumfa a bakin kwaltar da ta taso daga Maraɗi, ta ratsa Ɗan Issa, ta nufi Jibiya da Katsina, ya san buƙatu biyu da ake yawan zo masa da su. Ɗan kabu-kabu yakan zo ya ce a matse masa mai, babur ɗin ya faye sha. Saurayi kuma, wanda ya kalli baburan tsere a waya, yakan zo ya ce a buɗe masa inji, a huda salansa, a cire soson iska, ƙara yake so da gudu. A ido buƙatun nan kishiyoyin juna ne, ɗaya na neman tsimi, ɗaya na neman ƙarfi. Amma kuskurensu ɗaya ne, domin su biyun sun ɗauka akwai wani ɗan noti a jikin inji wanda in an murɗa shi za a ci riba ba tare da an biya komai ba. Abin da wannan darasi zai kafa hujja a kai shi ne cewa inji da awo yake aiki, wanda ya kauce wa awon nan kuwa zai biya, ko da mai ko da ƙarfe, kuma tsimin da ake nema a cikin kafireta yana can wasu wurare da ba a cika dubawa ba.

Kuɗin mai ne ya mai da wannan magana ta kowa. Shekara da shekaru yankin Madarunfa ya rayu a kan man Najeriya mai rahusa, wanda gwamnatin can ke biya wa tallafi, ƴan ruwa-ruwa kuma ke tsallako da shi cikin jarkoki su ɗura a kwalabe. Muddin kwalba na araha, ba wanda ya damu ko baburinsa kilomita 35 yake ci da lita ko 50. Abin ya soma sauyawa a watan Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, a watan Nuwamba kuma ta hana kai mai gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka. Babban sauyin ya zo ranar 29 ga Mayun 2023, da shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500 cikin ƴan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare kuma ta haura 1,000 a wurare da yawa. A nan gida, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ita ke ba da man da SONIDEP ke rarrabawa. An daɗe ana sayar da lita sefa 540, sai a watan Yulin 2024 aka rage ta zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya. Ko da ragin, ƙarancin da aka yi a watan Maris na 2025, da dogayen layuka a gidajen mai, ya nuna wa kowa cewa zamanin zuba mai ba lissafi ya wuce. Saboda haka mai son rage shan man baburinsa yana da gaskiya. Inda ake rabuwa shi ne ta wace hanya.

Sai mu fara da abin da ke faruwa cikin inji. Yawancin baburan da ke hannunmu, Boxer ne, Kasea ce, ko Haojue, injinsu mai bugu huɗu ne. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska gauraye da mai, ya hau ya matse su, fulogi (wanda wasu ke cewa buji) ya ba da tartsatsi su kama da wuta su ingiza fistin ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wutar nan ba ta ci yadda ya kamata sai gaurayen ya yi daidai, kuma masana sun daɗe da auna shi: kilo 1 na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Da yake lita ɗaya ta fetur nauyinta wajen gram 740 ne, iska kuma ba ta da nauyi sosai, lissafin yana nuna cewa kowace lita da aka zuba a tanki sai inji ya shaƙi iska wajen lita 9,000 kafin ya cinye ta. A riƙe wannan adadi, za a sake buƙatarsa. In mai ya ɗan rinjayi iska, misali kashi 12.5 ko 13 na iska ga kashi 1 na mai, a nan inji ya fi ba da ƙarfi. In iska ta ɗan rinjaya, kamar 15 ko 16, a nan ya fi tsimi. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu fili ne ɗan ƙarami, a cikinsa kuwa kamfanin da ya ƙera babur ya ajiye saitinsa. In an wuce iyakar farko, man da bai samu iska ba sai ya fita ta salansa baƙin hayaƙi, an biya kuɗinsa bai yi aikin komai ba. In an wuce ta biyu, inji ya yi zafi, ya riƙa sarƙewa, ƙarfinsa ya ragu.

Kafireta ita ke yin wannan awo, kuma ba ta hanya ɗaya take ba da mai ba. Lokacin da babur ke tsaye yana sulo, ko totur ya ɗan buɗe kaɗan, mai yana bi ta wata ƴar ƙaramar kafa, notin nan da kanikawa ke murɗawa kuma ita yake sarrafawa. Daga wajen kwatan totur zuwa kashi uku bisa huɗu, wata allura ce mai tsini ke ɗagawa tana buɗe wa mai hanya. Daga nan zuwa ƙarshen totur, babban jet ne ke yanke hukunci, wato ɗan guntun tagulla mai rami wanda aka rubuta lambar faɗinsa a jikinsa. To, ɗan kabu-kabun da ya ɗauko fasinja daga Ɗan Issa zuwa Maraɗi, yawancin tafiyarsa a tsakiyar totur yake yin ta. Notin da aka murɗa masa da sunan matse mai kusan ba shi da hannu a man da ya ƙone a wannan tafiya. Abin da ya samu shi ne babur mai wuyar tashi da safe, mai mutuwa a tsaye, mai shaƙewa in an ja totur. Shi ya sa wasu kanikawa ba sa tsayawa a noti: sukan sauke allura, ko su sa ƙaramin jet, ko su lanƙwasa marfin da ke tsare yawan man da ke cikin kofin kafireta. Wannan kam yana rage man da ke shiga da gaske, kuma daga nan ɓarnar take farawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya ga yadda garwashi ɗaya ke sauya hali in an sa masa zuga-zugi: iska ta ƙaru, wuta ta yi fari, ƙarfe ya yi laushi. Haka cikin inji yake in an rage mai aka bar iska. Ɗan rarar man da kamfani ya bari da gangan yana da aikin da ba a gani, domin yana sanyaya kan fistin da bawul yayin da yake zama tururi. Baburanmu kuwa ba su da ruwan sanyaya inji, da iskar hanya da baƙin mai kaɗai suka dogara, a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Ko a lafiyayyen inji, ƙarfin da ke isa taya bai kai kashi ɗaya bisa uku na abin da ke cikin mai ba, sauran duk zafi ne da dole a fitar da shi. In aka ƙara masa zafi a kan wannan, bawul ɗin hayaƙi ne ke fara ƙonewa, ya daina rufewa da kyau, matsin inji ya zube. Baƙin mai ya tsinke ya kasa riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ringi ya cinye, wani lokaci ma kan fistin ya huje ko inji ya buga gaba ɗaya. Alamun ba ɓoyayyu ba ne. In aka kwance fulogi aka ga bakinsa fari fat kamar toka, mai ya yi kaɗan. In baƙi ne mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake yi. Haka nan harbin da salansa ke yi in an saki totur, wanda wasu samari ke jin daɗinsa, sau da yawa kukan ƙarancin mai ne.

Mai babur zai iya cewa shi ba labari aka ba shi ba, da idonsa ya ga kwalba ta ƙara kai shi nesa bayan an matse. Ba za a ƙaryata shi ba, kuma abu biyu ne ke iya jawo haka. Na farko, mai yiwuwa kafiretarsa dama ta lalace tana zubar da mai fiye da kima, bakanike ya mai da ita kusa da daidai. In haka ne, gyara aka yi masa, kuma shi ne abin da darasin nan ke kira a yi. Na biyu, mai yiwuwa an matse ta ƙasa da daidai, ya samu ɗan ragi na gaske. To, sai a zauna a yi lissafin ragin. A ɗauka mutum yana yin kilomita 100 a yini, baburinsa kuma na cin kilomita 50 da lita. Lita 2 ke nan, kusan jika ɗaya. A ce matsewar ta rage masa kashi 5 cikin 100: ya tsira da sefa 50 a yini, dala goma, jika ɗaya da rabi a wata. Yanzu ya tambayi mai sayar da kayan gyara kuɗin fistin da ringi da bawul, ya haɗa da ladan bakanike, ya haɗa da kwanakin da babur zai yi a kwance ba ya kawo ko tamma, ga mai babur na jiran kuɗin yini in na haya ne. A ɗaya gefen kuma, a ɗauka baburin nan, saboda rashin kulawa kawai, ya sauko daga kilomita 50 zuwa 40 da lita. Tafiyar yini za ta ci lita 2 da rabi, asarar sefa 250, ninki biyar na abin da matsewa ta kawo. Garin gyaran gira ke nan ake rasa ido.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma ta cancanci amsa ta adalci. Ana cewa wanda ya saita baburin nan a wata ƙasa ya yi shi, bai san zafinmu ba, don haka dole bakaniken gida ya gyara masa aiki. Akwai gaskiya a ciki. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakayau, kuma tsakanin asubahin Janairu, lokacin da sanyi ke sauka wajen digiri 15, da azahar ɗin Afrilu mai digiri 42, nauyin iskar da inji ke zuƙa yana bambanta da kusan kashi 9 cikin 100. Kafireta ba ta gane wannan sosai, saboda haka da bazara mai yakan ɗan rinjaya. Sai dai hujjar tana yanka ta fuska biyu. Baburin da aka matse daidai da zafin bazara, in hunturu ya shigo iska ta yi nauyi, sai ya faɗa cikin ƙarancin mai ba tare da an taɓa shi ba. Ɗan rarar man da kamfani ya bari shi ke ba inji damar ratsa damina da ɗari da bazara da saiti ɗaya. Ban da haka, Boxer a Indiya kamfanin Bajaj ke ƙera ta, ƙasar da ita ma zafinta na bazara ke wuce digiri 40, ga ƙura, ga lodi fiye da kima. Wanda ya saita ta bai jahilci irin hanyoyinmu ba. Hukuncin da ya dace shi ne bakanike yana da ikon ɗan daidaitawa, yana duban fulogi yana sauraron inji, amma sauya jet da sauke allura don tsimi kawai ya wuce daidaitawa.

Mu koma kan saurayin da ke son babur ɗin tsere. Ya kamata a gaya masa abin da yake kallo a waya. Babur irin Yamaha R1 injinsa cc 998 ne, silinda huɗu, ruwa ke sanyaya shi, yana juyawa har wajen sau 14,000 a minti, ƙarfinsa kuma na kai wa wajen doki 200. Boxer mai cc 100 silinda ɗaya gare ta, ƙarfinta wajen doki 8. Babban babur yana matse gaurayen mai da iska wajen ninki 13, namu wajen ninki 9, shi ya sa wancan ke buƙatar fetur mai inganci na musamman. Ba shi da kafireta ma sam. Ƴar kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga, da zafinta, da abin da ya rage a hayaƙi, ta fesa mai daidai da haka sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. In masu irinsa sun ce za su ƙara masa ƙarfi, sukan ɗora shi a kan na'urar gwaji, su sa ma'auni a salansa, su sake rubuta lissafin kwamfutar mataki-mataki. Duk da haka da ƙyar yake cin kilomita 15 zuwa 17 da lita. A gasar MotoGP, wadda ita ce ƙololuwar tseren babura a duniya, inda Brad Binder ya kai gudun kilomita 366 a awa a filin Mugello na Italiya a 2023, doka ta ƙayyade tanki a lita 22 don tseren da bai cika wuce kilomita 120 ba. Wato kilomita 5 zuwa 6 da lita, kusan ninki goma na shan Boxer. Daga 2027 za a rage injin zuwa cc 850, tankin kuma zuwa lita 20. Abin lura a nan shi ne, hatta waɗannan masu kuɗi da injiniyoyi, rabin aikinsu lissafin mai ne, don kada ya ƙare kafin zagayen ƙarshe. Su da ake kwaikwayo ba su taɓa yin gyara da ka ba.

Me huda salansa ke ƙara wa ƙaramin babur? Ƙara. Tsawon bututun hayaƙi da faɗinsa an lissafa su ne don su taimaka wa inji ya share hayaƙi ya zuƙo sabon gauraye a saurin da aka fi tafiya da shi. In an farke cikinsa, sau da yawa jan da babur ke yi daga ƙasa, wanda shi ake buƙata wajen tashi da kaya ko fita daga yashi, raguwa yake yi, gaurayen kuma ya karkata wajen ƙarancin mai. Kunne ne ke ruɗin mai shi, yana jin ruri ya ɗauka gudu ne. Cire matatar iska ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A tuna da lita 9,000 ɗin nan. Baburin da ke shan lita 2 a yini yana zuƙar iska lita 18,000, kuma iskar Ɗan Issa ce, mai ɗauke da ƙurar hanyoyin ƙauye da hazon hunturu da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Mafi yawan ƙwayar yashi ta fi ƙarfen silinda tauri. Duk wadda ta wuce sai ta gauraya da baƙin mai ta riƙa goge ringi da bangon silinda a kowane hawa da saukar fistin. Ba a daɗewa sai babur ya fara shuɗin hayaƙi, yana shan baƙin mai, matsi ya tafi, ƙarfin da aka nema ya koma ƙasa da na da, shan fetur kuma ya ƙaru. Wanda ya ce zai cike gibin da babban jet ya ƙara wa kansa kashe kuɗi ne kawai, yashin bai fasa shiga ba.

Ko da a ce duk dabarun nan sun ƙara ɗan ƙarfi, akwai abin da ke tsaye a gaba wanda ba a iya murɗawa, wato iskar da babur ke ratsawa. Turjiyarta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. In gudu ya ninka biyu, turjiyar ninki huɗu take yi, ƙarfin da ake buƙata don cin ta kuma ninki takwas. Saboda haka wanda baburinsa ke tsayawa a kilomita 100 a awa, yana son ya kai 110, sai ya ƙara wa inji kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa, abin da huda salansa ba zai taɓa bayarwa ba. Wannan doka ita ce kuma babbar ƙofar tsimi, in aka karanta ta ta baya. Wanda ya sauko daga 80 zuwa 60 ya rage turjiyar iska da kusan rabi. A tafiyar kilomita 40, bambancin lokaci minti 10 ne kacal, 30 da 40. Ba wani noti a jikin babur da zai ba da ragin da hannun dama ke bayarwa kyauta. (Birki ma wannan lissafi yake bi: ninka gudu, tazarar tsayawa ta ninka huɗu, a kan hanyar da manyan motoci da amalanke da dabbobi ke rabawa, kai kuma ba hular kwano.) Haka fizgar totur daga tsaye, da jan giya ɗaya har inji ya yi kururuwa, da barin babur yana sulo ana hira a tasha, duk mai ne ke tafiya ba tare da an ci ƙasa ba.

Sauran tsimin yana cikin ƙananan ayyuka da ba su da daɗin faɗi. Matatar iska in ta toshe da ƙura, kafireta takan zuƙo mai fiye da kima, kamar an bar cok a ja, don haka a lokacin hunturu wanke soson da shafa masa ɗan mai, ko sauya ta takarda, ya kamata ya zama aikin kusa-kusa. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana jan ƙasa. A nan akwai uzuri na gaske, domin mai shiga yashin hanyoyin Gabi ko Safo yakan rage iska da gangan don kada taya ta nutse, kuma dabara ce mai kyau. Laifin shi ne a hau kwalta da ita haka har Maraɗi, alhali mai faci na bakin hanya. Sarƙar da ta bushe ko aka ɗaure ta tamau, birkin da ke kamawa ko ba a taka shi ba, bawul ɗin da tazararsa ta kauce, fulogin da ya tsufa, baƙin man da ya wuce lokacin juye, bututun da ke ɗiga a ƙarƙashin tanki: kowanne ɗan kaɗan yake ci, amma a haɗe su ne ke mai da kilomita 50 ta koma 40. Lodi kuwa, buhu uku ko mutum huɗu a kan inji mai doki 8, ba wanda zai ce a daina shi alhali da shi ake ci, sai dai mai yi ya san cewa shan man da ya gani na kayan ne, kada ya kai ƙarar kafireta.

Gyara ɗaya ne za a iya cewa yana da hujja a wannan yanki, shi ne sauya farantin haƙoran sarƙa. Babban faranti a baya yana ƙara ja, ya dace da mai ɗaukar kaya a yashi, amma a kwalta inji zai riƙa juyawa da yawa, ya sha mai. Ƙarami yana sassauta wa inji a doguwar kwalta, ya rage sha, amma tashi da kaya zai yi nauyi. Ko wannan ma musaya ce, sai dai musaya ce da mai babur ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa, kuma ba ta ƙona bawul.

Ba a rufe maganar shan mai ba a taɓa man kansa ba. Da yawa daga ƴan ruwa-ruwa mutanen kirki ne masu neman halali, kuma a ƙauyen da ba gidan mai su ne gatan mai babur. Amma man da ya bi ta jarka da mazurari da kwalba yakan kwaso ruwa da datti, wanda ya yini a rana a buɗe kuma sashensa mai saurin kamawa yakan tashi ya bar mai nauyi. Datti ɗan ƙanƙani ya isa ya toshe ramin jet, ya jawo ƙarancin man da aka bayyana a sama ba tare da bakanike ya taɓa komai ba. In an gauraya shi da kananzir, inji yakan riƙa ƙwanƙwasa in an ja shi da kaya, domin gaurayen na fashewa kafin lokacinsa, wannan kuwa fistin yake ci. Ƴar matatar mai da ake ɗaurawa a bututu tsakanin tanki da kafireta ba ta da tsada, kuma tana tare mafi yawan dattin. Sannan ba kowace kwalba ce lita ba. Wanda ke auna shan baburinsa da kwalba, yau ta wannan gobe ta wancan, bai san abin da yake aunawa ba. Nan gaba kaɗan ma wannan zai ƙara muhimmanci, domin tun da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi a watan Afrilun 2020, yawancin sababbin baburan da ake sayarwa a can sun bar tsohuwar kafireta sun koma fesa mai da kwamfuta. Duk ranar da irinsu suka yawaita a kasuwanninmu, ba sauran notin matsewa, kuma gurɓataccen mai zai fi yi musu illa fiye da na yanzu. Bakaniken da ke koyon sana'a yau ya kamata ya soma shiri.

Aikin da ake so kowane ɗalibi ya yi kafin darasi na gaba shi ne awo, da baburinsa ko na wani ɗan'uwa. Ku cika tanki har baki a wuri ɗaya, ku rubuta lambar da ke kan agogon kilomita. In agogon ya mutu, ku yi amfani da hanyar da kuka san tsawonta daga allunan bakin kwalta. Ku yi aikinku yadda kuka saba, sannan ku koma ku sake cikawa har baki, ku rubuta litar da ta shiga. Ku raba kilomitar da aka yi da litar, abin da ya fito shi ne shan baburinku. Bayan haka ku wanke matatar iska, ku daidaita iskar taya, ku shafa wa sarƙa mai, ku tabbata birki ba ya kamawa, ku riƙe gudu kada ya wuce 60, ku sake awon ba tare da an taɓa kafireta ba. Ku zo aji da lambobin biyu a rubuce, da fulogin da kuka kwance don a duba launinsa tare. Wanda lambarsa ta biyu ba ta fi ta farko ba, shi ne yake da dalilin zuwa wurin bakanike, kuma abin da zai ce masa shi ne ya mai da kafireta saitinta na asali.